LINZAMI A HANNU KO RAWAR JIKI? AMSA GA MAI TAMBAYA DAGA ƊANZOMO

Cikin wasiƙun da suka iso teburinmu makon jiya akwai wata daga Ɗanzomo ta ƙasar Gumel, wadda muka ga bai kamata a sallame ta da layi biyu a gindin shafi ba, gama gumin shekara guda ne mai ita ya ke shirin zubawa cikin sana'a. Ya roƙa a sakaya sunansa, mun kuwa sakaya.

Ga abin da ya ce a taƙaice. Shi saurayi ne, ya gama karatun malanta a Gumel, aiki bai samu ba tukuna, sai ya koma gona. Bana Allah ya ba shi riɗi, ya kai Maigatari ran Alhamis ya sayar, ya ƙulle kuɗinsa bai taɓa ba. Niyyarsa ya buɗe gidan gem a wani shago da kawunsa ya ba shi aro, watau wurin da yara da samari ke biya su yi wasa a talabijin. Da ya je Kano cigiyar kaya, wani mai shago ya nuna masa iri biyu. Na farko shi ne wanda kowa ya sani, wanda a ke riƙe abin sarrafa shi da hannu biyu ana danne-danne. Na biyu kuwa mutum ya kan tsaya gaban talabijin ne ya yi ta wurwura hannu, ya kai naushi, ya yi tsalle, hoton da ke ciki yana kwaikwayonsa. Mai shagon ya ce na biyun ya fi araha, ba shi da hannun da zai lalace, ga shi kuma abin mamaki ne wanda zai jawo 'yan kallo tun daga Sule Tankarkar. Kawun kuwa, tsohon hedimasta ne, da ma sana'ar ba ta kwanta masa ba, amma ya ce in dai tilas ne, to, a sayi wanda zai ta da yara tsaye, kada a tara 'ya'yan mutane a sangartar da su da zama. Yaro ya rasa tudun dafawa, ya ce mu raba gardama.

To, ɗana, ni tsohon akawu ne, abin da yatsuna suka sani tafireta ce, ba gem ba. Amma gani ya kori ji. Don haka ran Asabar da yamma na sa wani jikana gaba, ya kai ni wani gidan gem a cikin Gumel, na sami gefen benci na zauna. Ɗaki ne ƙarami, rufin kwano, talabijin uku, inji na ƙugi a waje. Gaban kowace talabijin yara biyu, bayansu kuma 'yan kallo sun yi cincirindo, kowa na ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. Dukansu ƙwallo su ke bugawa, kuma wanda aka ci shi ke biyan kuɗin wasan. Riƙe wannan, za mu komo kansa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, cikin yaran nan shida babu wanda ya dubi hannunsa ko sau ɗaya. Idanu na kan talabijin, yatsu na aikinsu su kaɗai. Nan na tuna da kaina zamanin da na ke buga takarda ina hira da masinja, ban duba baƙaƙen ba, yatsa ya san inda kowane harafi ya ke, in kuwa na yi kuskure, yatsan ne zai fara gaya mini kafin ido ya gani.

Abin nan da su ke riƙewa, yara na ce da shi fad, waɗansu kuwa hannun gem. Ba rana ɗaya aka ƙera shi ba. Kamfanin Nintendo na birnin Kyoto a Japan, wanda aka kafa tun 1889 yana buga karta, shi ne ya yaɗa madannin nan mai kama da mararraba, sama da ƙasa, dama da hagu. Wani injiniyansu, Gunpei Yokoi, shi ya sa shi cikin wani ɗan gem na aljihu a 1982, sa'an nan aka ɗora shi kan akwatinsu na gida a 1983. A 1996 suka fito da ɗan turke mai juyawa, wanda yara ke kira analok, domin mutum ya iya tafiya a hankali ko da gudu gwargwadon yadda ya tura shi. A 1997 kamfanin Sony ya fito da hannu mai turaku biyu, mai karkarwa in an yi karo, aka sa masa suna DualShock. Duk wanda ya ɗauki hannun PlayStation 5, wadda ta fito a 2020, ya ajiye kusa da wancan na 1997, zai ga jika ne da kaka, kama ba ta ɓuya. Abin da aka yi shekara kusan talatin ana gyara shi ba a sake masa siffa ba, lalle akwai dalili.

Shi kuwa wasan motsa jiki, ba sabon tunani ba ne kamar yadda mai shagon Kano ya nuna maka. Tun 1989 wani kamfanin kayan wasan yara na Amurka, Mattel, ya sayar da wata safar hannu mai waya wai ita Power Glove, aka yi ta talla, amma waɗanda suka saya suka tarar ba ta jin magana, ba da jimawa ba aka daina yin ta. A 2003 Sony ya gwada da wata 'yar kyamara, EyeToy. Amma wanda ya girgiza duniya shi ne Wii, akwatin da Nintendo ya fitar cikin Nuwamba 2006. Abin riƙonsa kamar rimot ɗin talabijin ya ke, a cikinsa akwai ma'aunin fizga, mai jin an kaɗa hannu da ƙarfi ko a hankali, a bakinsa kuma akwai 'yar kyamara mai hangen wani haske da idon mutum ba ya gani. Aka haɗa shi da wasan Wii Sports, inda mutum zai kaɗa hannu kamar mai buga tanis ko mai dambe. Tsofaffi da mata da waɗanda ba su taɓa kusantar gem ba suka yi ca a kansa, har aka sayar da akwati fiye da miliyan 100.

Da sauran kamfanoni suka ga haka sai kowa ya shiga rawar. Cikin Satumba 2010 Sony ya kawo PlayStation Move, sanda mai ƙwallon haske a ka. Cikin Nuwamba na wannan shekara Microsoft ya kawo Kinect, wanda na ke zaton shi aka nuna maka, tun da ka ce ba a riƙe kome. Shi wannan ya kan watsa ɗigo-ɗigon ɓoyayyen haske cikin ɗaki, dubbai, kyamararsa ta duba yadda suka sauka a jikin mutum, ta haka ya san nisan kowace gaɓa, ya zana ƙashin mutum da gaɓoɓi 20. Abin al'ajabi ne ba shakka. Cikin kwana 60 na farko aka sayar da miliyan 8, har littafin Guinness ya rubuta shi.

To, ina ya ke yau? A 2013 Microsoft ya fito da sabon akwati, Xbox One, ya ce ba mai saye sai tare da Kinect, dala 499. Mutane suka juya baya suka nufi PlayStation 4 mai dala 399. Kafin tsakiyar 2014 aka cire Kinect daga kwali aka rage dala 100. Cikin Oktoba 2017 aka daina ƙera shi ɗungum. Hikimar ba ta mutu ba fa, domin kamfanin Apple ya sayi kamfanin Isra'ila da ya ƙirƙiro ta, PrimeSense, a 2013, kuma irin wannan ɗigon haske ne wayoyin iPhone ke gane fuskar mai su da shi tun 2017. Amma a fagen wasa, an naɗe tabarmarsa. Shi ma Wii na asali an daina yin sa a 2013, kantinsa na intanet an rufe a 2019, na Xbox 360 kuma a 2024. Ka ga dalilin araha ke nan. Araha kuwa ba ta ado.

Yanzu bari mu zo ga gindin maganar, watau me ya sa abin da ya burge mutum miliyan ɗari ya kasa korar ɗan abin nan mai madannai. Ku mutanen Gumel ba sai an koya muku doki ba. Mahayi in ya ja linzami, doki ya ji, shi ma mahayin ya ji a tafin hannunsa cewa dokin ya ji. Magana ce tana tafiya tana dawowa ta cikin igiya ɗaya. Yanzu a ce an kwance linzamin, an sa mahayi ya tsaya nesa yana yafito dokin da hannu, yana nuna masa dama da hagu. Ko da dokin ya fi kowane doki wayo, sai ya tsaya ya duba tukuna: wannan ɗaga hannun kira ne, ko kuwa ƙuda ya ke kora? Bambancin ke nan. Madanni ba shi da zato, ko an danna ko ba a danna ba, tafiyar yatsa a kansa ba ta wuce kaurin ƙwayar dawa ba, kuma yatsan ya ji saukarsa. Motsin jiki kuwa tilas inji ya jira hannu ya yi nisa cikin tafiyarsa kafin ya yanke cewa naushi ne ko gaisuwa, sa'an nan hannun iska ya ke duka, babu abin da ya tare shi ya ce masa ya isa. Kyamarar Kinect hoto 30 ta ke ɗauka cikin daƙiƙa guda, alhali wasan ƙwallon da yaran nan ke yi sau 60 ya ke sake hoto cikin daƙiƙar. Ga mai wasan nishaɗi wannan jinkiri ba kome ba ne. Ga wanda ke neman ya yanke mai tsaron baya ya buga kafin gola ya fito, shi ne tsakanin ci da biya.

Akwai ma abin dariya da ya faru da Wii. Da farko mutane suka riƙa kaɗa hannu iyakar ƙarfinsu, rimot na suɓucewa yana fasa talabijin, har cikin Disamba 2006 Nintendo ya yi shelar sauya igiyoyin ɗaurawa a wuyan hannu wajen miliyan 3.2 da masu kauri. A 2007 wani likita ɗan Sifen ya rubuta wa wata babbar mujallar likitoci ta Amurka labarin ciwon kafaɗar da ya samu bayan ya wuni yana tanis ɗin talabijin. Amma ba a daɗe ba yara suka gano cewa ma'aunin fizgar nan bai san bambancin mai tsaye yana zufa da mai kishingiɗe yana karkaɗa wuyan hannu ba. Sai kowa ya koma ya zauna. Sai a 2009 aka ƙara masa ma'aunin juyi, wanda ke sanin inda hannu ya karkata, abin ya ɗan gyaru.

To, komo kan abin da na ce ka riƙe. A gidan gem wanda aka ci shi ke biya. In yaro ya sha kashi da fad a hannunsa, ya san yatsansa ne ya makara, abokansa ma sun gani, sai ya zaro kuɗi yana ƙunƙuni ya koma layi. Amma in inji ne ke fassara motsinsa, kullum akwai ƙofar cewa, ai na buga, shi ne bai gan ni ba. Wani lokaci kuwa gaskiya ya faɗa. Wa zai yi alƙalanci? Kai ne, sau ashirin a wuni, tsakanin 'ya'yan maƙwabtanka, kuma duk wanda ka ba rashin gaskiya gobe uwarsa ta daina amsa gaisuwarka. Ni a ganina wannan kaɗai ya isa ya yanke hukunci.

Ga kuma sha'anin wuri. Kamfanin da kansa ya ce mai wasa da Kinect ya tsaya nisan ƙafa shida daga kyamara, in su biyu ne ƙafa takwas, kuma kada kowa ya gilma tsakani. Ka auna shagon kawunka da taku ka gani. Filin da yaro guda zai yi tsalle a ciki ya isa a girka benci da talabijin biyu, mutum huɗu na biya. 'Yan kallon nan kuwa da mai shago ya yi maka alkawari, su ne za su riƙa kutsawa gaban kyamara tana ɗaukar su a matsayin mai wasa. Hasken rana in ya faɗo cikin ɗaki ya kan shafe ɓoyayyen hasken da injin ke gani da shi, mu kuwa rana ba baƙuwarmu ba ce. Tufa mai yalwa ta kan rikita shi, domin ba ya gane inda gwiwa ta ke. An ƙera shi ne ana tunanin mai ɗamammen wando, ba mai jallabiya ko kaftani ba, balle mai hijabi. Sa'an nan zafi. Cikin watan Afrilu, sa'ad da ma'aunin zafi ke haura 40 a ƙasarku, yaro zai iya zama sa'a biyu ƙarƙashin kwano yana danne-danne, amma minti nawa zai yi yana kai wa iska naushi? Kai kuwa lokaci ka ke sayarwa, injinka na shan fetur ko akwai mai wasa ko babu, fetur ɗin da tun cire tallafi a watan Mayu 2023 kowa ya san yadda ya koma.

Kada kuma ka manta abin da masu sayenka ke so. Ƙwallo su ke so. Wasannin ƙwallon nan biyu da suka mamaye ko'ina, FIFA wanda ya koma EA Sports FC a 2023, da PES wanda ya koma eFootball a 2021, dukansu don fad a ke yin su, gama mutum guda ne ke tuƙa 'yan wasa goma sha ɗaya, yana sauya wannan da wancan, yana gudu, yana ba da gajere ko dogo. Ƙafa biyu ba za su iya faɗin wannan duka ba, yatsu kuwa sun iya. Ko a zamanin da Kinect ke tashe, abin da FIFA 13 ya ba shi shi ne jin murya, a ce a sauya ɗan wasa, bugun kuwa na fad ne.

Yanzu ga Malam Hedimasta, Allah ya ƙara masa girma. Maganarsa ba ta banza ba ce, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gano ba. Amma ina roƙonsa ya duba wannan. A 2007 waɗansu masana na Jami'ar John Moores ta birnin Liverpool a Ingila suka auna yara 11 masu shekara 13 zuwa 15 suna wasan Wii Sports, suka buga sakamakon cikin mujallar likitocin Birtaniya. Suka tarar lalle jiki ya fi aiki bisa ga mai wasa a zaune, amma bai kusa da na mai yin wasan gaske a fili ba, kuma bai kai ƙarfin da za a lissafa shi cikin motsa jikin da a ke so yaro ya yi kullum ba. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 60 ta ce kowace rana ga mai shekara 5 zuwa 17. Wannan damuwa ce ta ƙasashen da a ke kai yaro makaranta cikin mota a komo da shi cikin mota. Yaron Ɗanzomo da ya tashi ya ɗebo ruwa, ya kai awaki kiwo, ya yi noma da damina, ya yi roron wake da kaka, da yamma kuma ya bi ƙwallo cikin yashi ba takalmi, ya biya minti sittin ɗinsa tun hantsi. Ba a gidan gem zai nemi zufa ba.

Mu ma ai muna da irin wannan rabo tun kaka da kakanni. Akwai langa, akwai dara. Langa ta jiki ce, a kama ƙafa ɗaya a yi ta tsalle ana ture juna a dandali. Dara kuwa ta zaune ce, rami talatin a ƙasa, kowa da 'ya'yansa goma sha biyu, mai neman jera uku ya ci na abokinsa. Ban taɓa jin wanda ya ce a hana dattawa dara don ba sa gumi ba, ko a riƙa yin ta da tsalle. Kowanne da gurbinsa. In Malam na tsoron wani abu, to, ga inda tsoron ya ke: yaron da ya kamata ya kasance a aji ko a makarantar allo, an same shi a benci, kuɗin cefane ya zama kuɗin gem, wanda aka ci shi ke biya ya rikiɗe ya zama caca, 'yan kallo na zuba kuɗi. Waɗannan ba ruwansu da fad ko kyamara, suna ga mai shago. Da ni ne Malam, da sharaɗin aron shagon ke nan da zan kafa: ba a buɗewa lokacin makaranta, a kashe talabijin in an kira salla, a rufe da dare kan lokaci sananne, kuma duk wanda ya sa kuɗi kan wasan wani a kore shi. Tsohon hedimasta ya fi kowa iya tsare irin wannan doka, shagon kuwa nasa ne.

Kada mai karatu ya ce na yi wa wasan motsa jiki rashin adalci. Yana da abin da fad ba shi da shi. Ni da jikana ya miƙo mini fad, na ga madannai sun fi goma, ga turaku biyu, na rasa ta inda zan fara, ɗan wasana ya yi ta gudu ya fita fili yara na dariya. Amma in an ce kaɗa hannu kamar mai jifa, wannan ko kaka ta iya ba tare da darasi ba. Shi ya sa a Turai da Amurka aka shigar da Wii gidajen kula da tsofaffi, waɗansu asibitoci kuma suka yi amfani da shi wajen lallashin masu shanyewar ɓarin jiki su riƙa motsa hannu ba tare da gundura ba. A cikin gida, inda 'yan mata da matan aure su ke, waɗanda ba za su taka gidan gem ba, ba kuma mai biyan wani in an ci shi, nan ne wurinsa. Kuskuren inji a nan abin dariya ne, ba abin faɗa ba. In Allah ya sa wa sana'arka albarka, ka sami rarar kuɗi, ba laifi ka sayi tsohon Wii ka ajiye don ranar Salla, ko don masu biki su yi haya. Ka tanadi batir, domin kowane rimot biyu ya ke ci. In kuma sandar da a ke ɗorawa bisa talabijin ta mutu, kada ka damu, ba wata hikima cikinta sai 'yan fitilu, kyandir biyu a kunna a ɗan ware su sun tsaya a madadinta, sai dai a yi hankali da wuta.

Abin lura kuma shi ne, inda motsi ya yi ƙarko a yau, bai kori fad ba, shiga cikinsa ya yi. Hannun PlayStation 4 da na 5 duka suna da ma'aunin juyi a ciki. A wasan Splatoon na 2015 Nintendo ya sa babban juyi a turke, ɗan gyaran saiti kuwa a karkata hannu, gwanaye da yawa suka ce haka ya fi daidai. Samarinmu masu wasan PUBG a waya sun san wannan, su kan danna da yatsa su kuma ɗan karkata wayar. Akwatin Switch na 2017, wanda shi ma ya wuce miliyan 150, hannayensa na jin motsi amma cike su ke da madannai. Har tabarau ɗin nan da a ke ɗaurawa a fuska, irin Meta Quest, wanda mutum ke ganin kamar yana cikin wasan, an ba shi abin riƙo mai kunama da turke a kowane hannu. Mahayin ƙwarai ma ai ya kan yi wa doki magana da gwiwa da nauyin jiki, amma bai saki linzami ba.

Saura gaskiya guda da mai shagon Kano ya faɗa, cewa fad na lalacewa. Yana lalacewa ƙwarai, kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa. Ciwonsa babba a turke ya ke. Ƙarƙashinsa akwai wani ɗan ƙarfe da ke gogar zanen gawayi, da haka inji ke sanin inda aka tura. Yau da gobe gawayin ya kan cinye, ƙura ta shiga, sai ka ga ɗan wasa na tafiya shi kaɗai ba wanda ya taɓa. Ba na jabu kaɗai ke yin haka ba. Hannayen Switch sun yi ƙaurin suna da wannan, har aka kai kamfanin ƙara a Amurka a 2019, shugabansa kuma ya nemi gafarar masu saye a 2020. Akwai turaku masu aiki da maganaɗisu, ba guga, irin waɗanda kamfanin Sega ya sa wa Dreamcast tun 1998, yanzu kuma ana samun su cikin waɗansu hannayen kasuwa. In ka samu, sun cancanci ƙarin kuɗinsu a ƙasar da hunturu ke cika kwano da ƙura kafin a gama cin tuwo.

Saboda haka, ɗana, koma Kano ka sayi mai fad, gwargwadon ƙarfin aljihunka, ko da tsohuwar PlayStation ce, gama kayan gyaranta sun fi samuwa. Ka zaɓi hannu mai waya in akwai, ba ya neman caji, ba ya kuma bin wani gida cikin aljihu. Kowace talabijin ka yi mata hannu uku, biyu na aiki ɗaya na jira, ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ka biya sai an kunna a gabanka, ka shiga wasa, ka ajiye fad a tebur ka naɗe hannu, ka zuba ido minti guda. In ɗan wasa ya motsa, mayar masa da kayansa. Ka danna kowane madanni ɗaya bayan ɗaya, har na kafaɗa huɗun nan. In ka tashi aiki ka lulluɓe kome da zane. Ka kuma nemi wani mai gyaran waya a Gumel ya nuna maka yadda a ke buɗe fad a share, a sauya robar da ke ƙarƙashin madanni, domin wannan aikin sukuddireba ne kawai, bai kai a hau mota a kansa ba.

Tambayarka ta biyu, ko sola za ka girka ko janareta, ta haɗu da ta wani mai injin markaɗe daga Gagarawa da ta wani tela daga Maigatari, sai mu haɗa su mu amsa mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Kafin nan ka aiko mana da yawan talabijin ɗin da ka ke nufin sawa, da girman kowace, da sa'o'in da za ka riƙa buɗewa. A gai da Malam.